Kwana Talatin Ba Amsa

3 ga Agusta

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida sistocin da suka ɗauke min ke, tunda tarbiyya ta ce a gaishe su. Ina fata tarin nan naki na safe ya bar ki. Ni lafiyata ƙalau. Gwiwa ce kawai take min tsegumi a matakalar makaranta, ita ma na ce ta bi layi.

Katin gayyatarku ya iso, takarda mai kauri da zanen kurciya. Wai ana gayyatata ranar ashirin da ɗaya ga Nuwamba in zo in ga 'yar ƙanina ta ɗauki alkawarin zama sistar coci, mai ba da rayuwarta ga Allah ba aure. Gayyata! Ni da na ɗauko ki daga asibiti kina shekara shida, ranar da haɗarin mota ya ɗauke ƙanina da matarsa, takalminki ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ni da na koya miki karatu a teburin kicin da tsohuwar jarida. Yau ni ce baƙuwa.

Kada ki ce min nufin Allah ne. An faɗa min wannan a kan ƙanina, an faɗa min a kan mijina bayan na shekara uku ina juya shi a gado, an faɗa min duk lokacin da mata suka kalli cikina suka ga shiru. Na karanta littattafan manyan malaman Ikilisiya fiye da Fadan cocinmu, shi ma ya sani, shi ya sa yake canza hanya in ya hango ni bayan sujadar Misa. Duk sun iya bayani. Amma ba wanda ya gaya min abin da ya sa Mai sama da ƙasa, da duk 'yan matan da ke duniya, sai tawa guda ɗaya ya ga dama.

A ɗakin karatu aiki na nan yadda kika bar shi. Rufin kusurwar tarihi yana yoyo. Shekara ashirin da biyu ina ɗinke bayan littafi da zare da gam, har yanzu shugaban makaranta yana min kallon mai gadin buhuna. Mai Keke, maƙwabciyarmu tela, tana gaishe ki. Har yanzu tana cikin mawaƙan coci, har yanzu ba a samu mai ƙarfin halin gaya mata gaskiya ba.

Ban ce zan zo ba. Ban ce ba zan zo ba. Ki riƙa cin abinci.

Goggonki

24 ga Agusta

Goggona,

Gaisuwa mai yawa cikin Yesu. Ya gwiwa? Tari ya tafi tun watan jiya. Ki gaida min Mai Keke, ki ce ina jiyo muryarta daga nan.

Goggo, tun kafin in karanta wasiƙarki na san kina fushi, rubutun ne ya gaya min. Ke da kike cusa layi arba'in a shafi guda, kina cewa ɓarnar takarda zunubi ne, yau kalma biyar ta cika layi, harufa manya-manya kamar allon talla. Na ji kamar kina tsaye a kaina kina min tsawa. Na ɗauki tsawar. Amma ke ba baƙuwa ba ce. Katin nan kowa irinsa aka aika wa, ni ban ma gan shi ba sai da aka buga.

Yanzu an sa ni a ɗakin tsofaffin sistoci, su bakwai. Ina musu wanka, ina yanke musu farce, ina karanta musu. Akwai wata mai shekara tamanin da tara, kullum sai ta ce, "Ke sabuwa, an ba ki abinci?" In na ce e, sai ta ce, "Ƙarya kike, dubi wuyanki." Ke nake tunawa. Yadda nake juya su a gado ma a wurinki na koya, lokacin da kike jinyar Kawu.

Ba zan ce miki nufin Allah ne ba, tunda kin hana. Abin da na sani shi ne a nan numfashina yake sauka daidai. Ban iya faɗarsa da kyau ba, ke ce mai kalmomi.

Ki zo, Goggo. Ko don ki gyara wa Fadanmu wa'azi.

'Yarki

Ƙari a bayan takarda, da fensir don biro ya ƙare: na manta babban abu. Daga ɗaya ga Satumba za mu shiga kwana talatin na shiru, mu huɗu masu shirin alkawari. Ba magana, ba wasiƙa. Duk abin da ya zo, Babbar Sista za ta ajiye mana sai mun fito. In kin ji shiru kada ki damu.

5 ga Satumba

'Yata,

Ina gaishe ki. Na ji daɗi da tari ya tafi. Ki gaida tsohuwar da ke duba wuyanki, ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan naku.

Batun lafiyata, ƙarya na yi miki. Na riga na furta ta gaban Fada, saura ke. Ba tsawa nake miki ba. Rubutuna ya yi girma ne don in ba haka ba, ba na ganin abin da hannuna yake yi. Wasiƙarki ma da gilashin ƙara girma na bi ta, kalma-kalma, ta ci min awa biyu a bakin taga.

Idanuna ne. Ya fi shekara ina lura. Gefe-gefe ya fara yin duhu, kamar ana jawo labule a hankali daga dama da hagu. Ina cin karo da ƙofa, ina zagin kafinta. Ranar da na jera littattafan lissafi a kantar waƙoƙi, wani malami ya zo yana dariya wai na fara tsufa. Na taya shi dariyar, sannan na shiga bayan kanta na zauna a ƙasa.

Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana aikinsa a ɓoye. Na ce, "Likita, kar ka yi min kwana-kwana, na karanta littafin da ka karanta." Ya ce, "To Mama, kin san sauran." Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya ba ni maganin ɗigawa safe da yamma, ko a riƙe ɗan abin da ya rage. Makaranta za su bar ni zuwa ƙarshen zango.

Kin ga aikin Ubangijinki? Bai taɓa ƙafa ba. Bai taɓa kunne ba, da ya raba ni da waƙar Mai Keke. Ido ya nufa, ya san inda nake zaune.

Ba na roƙon ki komai. Ban gaya wa kowa ba sai Fada, sai ke. Layi ɗaya kawai nake so daga hannunki, da manyan harufa, ki ce kin ji. Tsoro nake ji, 'yata. Ban taɓa rubuta wa wani mai rai wannan kalmar ba.

Goggonki

26 ga Satumba

Zuwa ga 'yar ƙanina,

Ina fata kina lafiya. Dole kina lafiya, da wani abu ya same ki da sun aiko, ai sun iya buga kati.

Sati uku. Wasiƙa tsakaninmu kwana biyar take yi, shida in mai kawowa ya tsaya hira. Kullum in na dawo sai na laluba akwatin da hannu har ƙasa, don na daina yarda da idona. Jiya na ciro takarda, na hau sama da sauri na ɗauko gilashi. Tallar maganin ƙwari ce.

Na buɗe miki cikina yadda ban taɓa buɗe wa mijina ba, kika yi shiru. Na zauna na nemo miki uzuri kala-kala, kin san na iya. Sun ƙare. Abin da ya rage shi ne kina da tsofaffi bakwai da za ki yanke wa farce, ta takwas ta yi yawa. Ko kuma an koya muku cewa mai bin Yesu ba ta da dangi. In haka ne sun iya koyarwa, ke kuma dama can kina da kai.

Lahadi biyu ban je Misa ba. Fada ya zo har gida, ya zauna a kujerar Kawunki ba tare da an ba shi ba, ya ce, "Mama, Allah bai manta da ke ba." Na ce, "Fada, ai matsalar ke nan. Da ya manta da ni da na huta." Ya sha shayinsa ya tafi. Carbin Rosari kuwa ina ja, don hannu ya saba kuma ba ya bukatar ido, amma ki sani ina ja ne ina harara.

Ba sai kin amsa wannan ba. Wurin da kuka tanada min, ku ba wani.

Goggo

1 ga Oktoba

Goggona, Goggona,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ni lafiya. Ke ce ba ki da lafiya, ni kuwa ina nan wata guda ina jin daɗin shiru.

Yau da safe muka fito. Bayan Misa Babbar Sista ta miƙa wa kowa wasiƙunta ɗaure da zare. Naki guda biyu ne. Ta biyun na fara buɗewa don ita ce a sama, ban gane komai ba sai zafin. Da na karanta ta farkon sai na zauna a matakala.

Goggo, na rubuta miki za mu shiga kwana talatin na shiru, ba a ba mu wasiƙa. A bayan takardar na rubuta, da fensir, ƙanana-ƙanana. Da fensir! Na ga rubutunki ya zama manya na ce fushi ne, ban tambayi kaina ko sau ɗaya ba me zai sa ki ɓarnar takarda. Kullum ina wanke idon tsofaffi bakwai, na kasa gane naki.

NA JI, GOGGO. NA JI.

Na riga na je wurin Babbar Sista na ce zan tafi gida. Ba ta hana ni ba. Ta ce ƙofa a buɗe take, amma kada in yanke shawara ina kuka, in jira amsarki tukuna. Na ce to don biyayya, amma na gama yankewa. Kin ɗauke ni lokacin da ba ni da kowa. Ba zan tsaya gaban bagade ina alkawarin ƙaunar Allah da mutane ba, alhali kina laluben akwatin wasiƙa ke kaɗai. In Allah yana so na, ya san gidanmu.

Ki faɗa min ranar da zan zo. Ki sa wani ya karanta miki wannan, kada ki wahalar da idon.

'Yarki

12 ga Oktoba

'Yata,

Wannan rubutun na Mai Keke ne, ina faɗa tana rubutawa, saboda haka duk kuskuren da kika gani kin san inda za ki kai ƙara. Muna gaishe ki mu biyu. Jikina lafiya. Idon yana nan yadda yake, likita ya ce wannan ma nasara ce. (Ni Mai Keke ina gaishe ki da kyau, 'yar albarka. Tana ɗiga maganin, ni nake tsaye a kanta.)

Ga yadda aka yi. Da wasiƙarki ta zo na kasa bin ta. Na ƙwanƙwasa wa Mai Keke bango. Ta shigo da tef ɗin awo a wuya, ta fara karanta min, ta kai rabi ta tsaya ta ce, "Wane ido?" Haka ta ji, a tsaye a tsakar ɗakina. Ta wanke ni tas. Ta ce shekara goma sha tara bango ɗaya ya raba mu, ta san ranar wankina ta san ranar kukana, amma ina makancewa na ɓoye mata kamar wadda ta yi sata. Sannan ta ce in kawo tsohuwar wasiƙarki ta Agusta. Ta juya bayanta, ta ce ga shi nan, layi huɗu. Na juya ta kuwa a lokacin da ta zo, fari fes na gani.

Abin da na rubuta miki cikin fushi, ki yafe min. Ba ni da wani bayani. Na so in ji miki ciwo ne, kuma na iya. Ki ƙona wasiƙar. (Na ce mata wannan ban-haƙurin ya yi gajarta, ta ce in rubuta abin da aka ce min.)

Yanzu maganar zuwanki. Ki buɗe kunne.

Ina so ki zo. Ba zan yi miki ƙarya ta biyu ba. Da aka karanta min cewa in faɗi ranar, sai da na ga ɗakinki a share, na ji motsinki a kicin, na ji kina karanta min da yamma. Shekara uku abin da nake roƙo ke nan, ga shi an miƙo min a hannu. Kwana huɗu ina riƙe da shi, ban iya kai shi gaban Ubangiji na ce na gode ba. Da na buɗe baki sai in ji kamar wadda ta tsinci abin wani tana neman a sa mata albarka.

Ranar Lahadi Mai Keke ta ce ko in tashi mu tafi coci, ko ta kira mawaƙa su zo su yi min a gida. Na tashi. Ta ce in kama gwiwar hannunta. Kin san ni, ban taɓa bin bayan kowa ba, hanyar cocin nan kuma na fi ta saninta. Muna tafe ina gardama: nan ba nan ba ne, me ya sa muka karkata, ina za ki kai ni? Ta ja ni gefe kawai. Sai da muka wuce ta ce masu gyaran famfo sun haƙa rami a bakin titi tun Alhamis, ba su rufe ba. Hanyar da na haddace, ita ce za ta jefa ni. Na ce me ya hana ki faɗa tun farko? Ta ce, "Da na fara bayani, da har yanzu muna bakin ramin kina kawo min hujja."

Da wannan na shiga coci. Na tare Fada kafin Misa na furta abin da ke raina, har da abin da na yi miki. Wa'azin ban ji shi ba. Na durƙusa na ce wa Ubangiji, har yanzu ina fushi da kai, ban gane ba, kuma ba na jin zan gane, amma ga hannuna, ka ja. Na karɓi Jikinsa, gurasar tarayya mai tsarki, karo na farko cikin wata guda. Ba wani haske da ya sauko, kada ki je ki ba sistoci labari. Na dai dawo gida na ci abinci da yawa.

To ga maganata. In kin duba zuciyarki kin ga ba kya son rayuwar nan, ko kin gane kuskure kika yi, ki taho gobe. Ba wanda zai tambaye ki komai, wanda ya tambaya da ni zai gamu. Amma in a can ne numfashinki yake sauka daidai, kamar yadda kika rubuta, kuma idona ne kawai zai fito da ke, ban yarda ba. Ban raine ki don ki zama sandata ba. Ba zan zauna shekara ashirin ina jin kina wanke kwano a kicin, ina sane da abin da na raba ki da shi ba. Makanta zan iya ɗauka. Wannan ba zan iya ba.

Kada ki ce wa zai kula da ni. Wannan matar ta tona ni, matan coci sun raba kwanaki a kaina kamar aikin shara. Wani tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya zai riƙa zuwa Talata da Juma'a yana karanta min. Yana karanta waƙa kamar mai kiran sunayen 'yan aji, amma zan gyara shi. (Kuma ni ina nan. In ta yi tari ina ji.)

Ki ba ni amsa ta gaskiya, ba ta 'yar kirki ba. Da biro, a gaban takarda.

Goggonki, da Mai Keke

22 ga Oktoba

Goggona,

Ina gaishe ki, ina gaida Mai Keke, Allah ya saka mata. Ina lafiya. Na ji daɗin labarin likita. Na yafe tun kafin ki roƙa, ke ma ki yafe min fensir.

Kin ce amsa ta gaskiya. Kwana uku ina neman wadda za ta fi daɗin faɗa, ban samu ba. Ina son rayuwar nan, Goggo. Ko a ranar da na ce zan ɗaure kaya, ina ninke zanen gado ina kuka, kuma ba duka kukan ne naki ba. Na ji kunyar wannan sosai. Na kai wa Babbar Sista kunyar, ta ce ba zunubi ba ce.

Zan tsaya. Ina faɗa ina jin tsoro, don ban san yadda idonki zai zama nan da shekara ba, ban san ko wata rana zan yi da-na-sani ba. Ni ma ba a nuna min gaba ba. Babbar Sista ta ce bayan alkawari za a riƙa ba ni sati biyu a shekara in zo gida, in jiki ya tsananta kuma ba za su hana ni ba. Ba shi da yawa, na sani.

Ba zan sake matsa miki ki zo ba, tafiyar da nisa. Ki sa min albarka daga nan, ya ishe ni.

'Yarki

2 ga Nuwamba

'Yata,

Da hannuna nake rubuta wannan, shi ya sa gajere ne. Muna lafiya.

Amsarki ta yi min zafi, kuma ita nake so. Allah ya yi miki albarka. Ya riƙe ki, ya riƙe ni.

Amma wa ya gaya miki albarkata tana tafiya a ambulan? Za mu taso ranar sha tara, motar safe, ni da Mai Keke. Ta ɗinka min riga, ta ce shuɗiya ce, na yarda don ba ni da zaɓi.

Abu ɗaya nake so. Ba lalle in ga fuskarki daga inda zan zauna ba. In lokacin alkawarin ya yi, kada ki sunkuyar da kai ki yi shi ƙasa-ƙasa. Ki ɗaga murya yadda na bayan coci zai ji. Shi Ubangiji ya riga ya san abin da za ki ce. Ni ce nake bukatar ji.

Goggonki